Werewolf ɗin Velen ya hana ni sakat a Death March

Salam jama'a, a taimaka min don Allah. Ina sake buga The Witcher 3 daga farko a PS4, wannan karon na sa shi a Death March, wato matakin wahala mafi tsanani, yanzu na maƙale a aikin Wild at Heart a yankin Velen, wajen werewolf (mutum mai rikiɗa ya zama kerkeci) ɗin nan na cikin kogo. Lebel 7 nake.

Matsalar ita ce da na rage masa jini ya kusa rabi sai ya fara cikowa da kansa, kafin in kauce in dawo in sare shi ya koma kamar ban taɓa shi ba, ni kuwa mari biyu uku Geralt, jarumin da nake bugawa da shi, ya faɗi. Na shafa Cursed oil a takobin azurfa, ina kunna Quen (sihirin garkuwa) kafin kowane hari, na gwada Igni (sihirin wuta) ma amma ƙarfina baya dawowa da wuri. Swallow, maganin dawo da jini, ƙarewa take tun faɗan bai yi nisa ba, ga takobin yana dakushewa saboda faɗan ya ja. Wallahi abin ya isheni, kuma bana son rage wahalar.

Me zan yi amfani da shi a wannan lebel ɗin da zai tsayar da cikowar jinin nasa?