Shawarwari Kan Koya Wa Matasan Legas Tallan Kayan Gargajiya Ta Waya

Masu sayar da huluna da dukawa masu aikin fata da suka tattauna a Agege sun ce a fara koya wa yaro ɗaukar hoto kafin a buɗe masa shafin Instagram. A ɗauki hula da hasken safiya a inuwa, a kan farin ƙyalle, gaba da gefe da ciki. Hasken kwan lantarki yana sauya launin zare, shi ya sa mai saye yake dawo da kaya yana cewa ba shi ya gani ba. A rubuta awon kai, inci 22 ko 23, da asalin aikin, na Maiduguri ne ko na Kano.

Wajen farashi aka fi daɗewa. Yara sukan manta kuɗin mota daga Arewa, da na ɗan aike a cikin gari, da na data, sai riba ta narke. Kowane kaya a ba shi layinsa a littafi.

Laimar Legas tana sa jaka da takalmin fata fumfuna a damina, don haka kada a ɗaure su a leda, a ajiye inda iska ke shiga.

Kafin a ɗauki muryar dattijo yana bayanin sana'arsa, a nemi izininsa, a kashe janareta, a adana sautin a wuri biyu.