Giwar teku mai mataci: neman suna ga dabbar da ba ta da haƙori

A shekarar 2015 an tarar da gawarwakin manyan dabbobin teku fiye da 300 yashe a gaɓar kudancin ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka, kuma masu bincike sun fi karkata ga cewa gubar wata gansakuka ce ta hallaka su. Duk mai son ba da irin wannan labari da Hausa sai ya yi tuntuɓe da suna, domin abin da kunnenmu ya saba ji shi ne "kifin whale", alhali dabbar ba kifi ba ce: da huhu take numfashi, haihuwa take yi, tana kuma shayar da ɗanta nono. Shi ya sa idan ta maƙale a tudu da ranta, abin da ke kashe ta shi ne nauyin jikinta da ke danne kayan cikinta, da zafin da kaurin kitsenta ke tara mata.

Giwan ruwa ne ya fara zo mini a rai, amma yana da mai shi, domin masuntanmu sun daɗe suna kiran wani babban kifi da wannan suna. Saboda haka na tsaya a kan giwar teku.

Inda aikin yake shi ne kalmar baleen, sunan da Turanci ke kiran abin da ke bakin wasu giwayen teku a maimakon haƙora. Irin waɗanda suka mutu a Cile ba su da haƙori ko ɗaya. Abin da ke bakinsu ɗaruruwan siraran falankai ne jere a muƙamuƙin sama, masu geza ta ciki, kuma sinadarinsu ɗaya da na farce da ƙaho. Dabbar kan wangame baki ta kamfaci ruwa haɗe da ƙananan jatan lande da 'yan kifaye, sannan ta sa harshe ta turo ruwan waje ta tsakanin gezar, abincin ya maƙale, ta haɗiye.

Wani zai ce mataji, kuma ga ido kamar ta yi, sai dai na fi son sunan da ya faɗi aiki. Rariya kuwa ta fi tafiya da tankaɗen gari, wato busasshen abu. Wannan aiki irin na mai tace gasara ne, da bambanci ɗaya: mai koko ruwan take so, dusar take zubarwa, ita kuwa dabbar ruwan take fitarwa ta riƙe abin da ya saura. Don haka nake ba da shawarar a kira falankan mataci, a kira dangin giwar teku mai mataci, sauran danginta masu farauta da cizo kuma a ce musu giwar teku mai haƙora.