Neman shawara kan asibitin awo a Kaduna

Bulus: Salama jama'a. Dan Allah ina neman shawara, madam na da ciki wata uku kuma kwanan nan muka dawo Kaduna, muna Barnawa. Ni ina so ta yi awo a asibitin mishan namu na Katolika amma ita tsoro take ji, wai an gaya mata in matsala ta taso ba sa taɓa ciki ko da uwar za ta mutu. Bara ta yi ɓari shi ya sa hankalinta bai kwanta ba.

Maman Rifkatu: Ɗana kai ta asibitin St. Gerard's a Kakuri, ai kusa da ku ne. Can na haifi yarana uku. Gerard ɗin ma ai shi ne mai tsarkin da mata masu ciki ke roƙo ya yi musu addu'a.

Saratu nas: Yaya Bulus wanda ya gaya mata haka ya haɗa abu biyu ne. Zubar da ciki da gangan, wannan kam ba za su yi ba ko nawa za ka biya. Amma in ciki ya riga ya lalace, an yi hoto an ga zuciyar ɗan ta tsaya, wankin ciki magani ne, Ikilisiya ba ta hana ba. Haka in cikin ya zauna a bututu wajen mahaifa ana yin aiki a cire bututun tun bai fashe ba, don ciwon ake nufi da wuƙar, ba ɗan ba. Na sha ganin mata sun zauna gida jini na zuba saboda irin wannan jita-jitar, abin yana min ciwo sosai.

Ishaya: Gaskiya ne Anti, amma kar mu ce kullum abin da sauƙi. A 2009 a asibitin St. Joseph na Phoenix a Amurka wata mata mai ciki sati 11 ta zo da hawan jinin huhu, likitoci suka ce in cikin ya ci gaba za ta mutu, Sista Margaret McBride, ɗaya daga cikin shugabannin asibitin, ta yarda aka cire. Bishop Thomas Olmsted na Phoenix ya ce wannan zubarwa ce kai tsaye, a Disamba 2010 ya janye sunan Katolika daga asibitin. Har yau masana na jayayya a kai.

Baba Katikis: Ishaya, irin wannan ba kullum ake gani ba, kar mu ƙara wa yarinyar nan tsoro. Paparoma John Paul na biyu ya rubuta wasiƙar Evangelium Vitae a 1995, abin da ya haramta shi ne kashe ɗan da gangan, bai ce a bar uwa ba magani ba. Rai biyu ne a hannun likita. Bulus ku je wurin Fada ku biyu, ta yi tambayarta da bakinta.

Ladi: In za ta haihu a gida wajen mamanta ne, mu a Jos asibitin OLA (Our Lady of Apostles) muke zuwa, 'yan kudancin Kaduna kuma akwai St. Louis a Zonkwa.

Saratu nas: Ko ina kuka je ku tambaya likita na kwana a asibitin? Suna da jini a ajiye? In aiki ya kama tsakar dare akwai janareta? Ku kuma sani bayan haihuwa ba za su ba ta ƙwaya ko allurar tazara ba, hanyar Billings ake koyarwa, wato lura da alamun jikin mace don gane kwanakin ɗaukar ciki, kuma da miji ake zuwa.

Bulus: Na gode ƙwarai, na karanta mata duka. Litinin za mu je Kakuri. Anti mu tafi da hoton cikin bara?

Saratu nas: E, da katin asibitin da aka yi mata wankin, da takardar gwajin jininta in tana nan.