Bakwaini: a yanke cibiya nan take ko a ɗan jira?

Sista: Assalamu alaikum. Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Jira kafin a ɗaure cibiya na jaririn da ya cika wata tara ne. Bakwaini a yanke kawai a ruga da shi kwalba, sanyi ke kashe su.

Dakta: Sista, haka aka koya mana a da, amma magana ta canja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jira aƙalla minti ɗaya, har da bakwaini. Jinin da ke cikin mabiyiya ai nasa ne, yana fara numfashi huhunsa zai buɗe ya ja shi. A 2023 mujallar Lancet ta fitar da nazarin masana na Jami'ar Sidni ta Ostireliya: jiran ya rage mutuwar bakwaini kafin sallama da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sista: Can Ostireliya ke nan. Mu nan in an ɗauke wuta da fitilar waya muke ɗinki.

Dakta: Jiran ai ba ya cin wuta. A tsane shi da zane mai ɗumi, a sa masa hula, a kwantar da shi a jikin uwar, ido na kan agogo.

Hajiya Ungozoma: Ikon Allah! Mu tun iyayenmu ba a sa reza sai mabiyiya ta faɗo. Kuka ce ƙauyanci ne.

Dakta: Hajiya, a nan kun fi mu gaskiya. Tsohuwar reza da gashin cibiya ne ba mu yarda da su ba.

Ɗaliba: Dakta, in ana sauri ba sai a tatso jinin cibiyar zuwa jikinsa ba?

Dakta: Kul! Ban da wanda bai kai mako 28 a ciki ba. An dakatar da wani gwaji da aka buga a 2019 saboda irin waɗannan sun fi zubar da jini a ƙwaƙwalwa in an tatsa.

Sista: To wanda ya fito laƙwas, ba kuka ba motsi fa?

Dakta: A murza bayansa. In bai numfasa ba, a yanke a fara ba shi iska, wannan ba jira.

Sista: Ka ga mun dawo kan maganata. Ƙarfe ukun dare, ni kaɗai, uwa na zubar da jini, wa zai riƙe min agogon?

Hajiya Ungozoma: Ki kira ni, 'yata, na iya ƙirga.