Rahoton matsala ya cika mana WhatsApp, ina za mu tara shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyar ne muke haɗa wata ƙaramar manhajar ƙamus ta Hausa ta wayoyin Android, aikin sa kai ne. Manhaja ce mai 'yanci, kod ɗinta yana GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod a yi aiki tare a kansa, kowa na iya ɗauka ya gyara. Abin da ya dame mu shi ne yadda ƙorafi yake zuwa. Wani ya turo saƙon murya ya ce "ba ta samo kalma", wani ya turo hoton allo babu bayani, wani ya tare ɗayanmu a hanya ya faɗa masa da baki. Yanzu haka mutum uku sun kawo ƙorafi a kan binciken kalma, ba mu sani ba ko abu ɗaya suke nufi. Sau biyu mutum biyu cikinmu suna gyara abu ɗaya, kowa bai san ɗan'uwansa yana kai ba. Wata matsala da muka kawar a siga ta 1.3 ma ta dawo a ta 1.5. Don Allah masana, ya ake tsara wannan? Akwai abin da ya kamata mu saya?

Injiniya daga Zariya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba sai kun sayi komai ba, shafin Issues da ke jikin ma'ajiyarku ta GitHub, inda ake buɗe wa kowace matsala kati, ya wadatar da mutum biyar. Ku fara da doka ɗaya: duk matsalar da ba a buɗe mata kati mai lamba ba, ba wanda zai taɓa ta. WhatsApp ya zama ƙofar shigowa kawai. Kowane mako mutum ɗaya ya riƙe ƙofar, ya saurari saƙonnin, ya mayar da kowanne kati, ya tura wa mai ƙorafin lambar.

Katin kuma dole ya amsa tambayoyi biyar: wace siga ce ta manhajar, wace waya ce da wace sigar Android, me mutumin ya danna daga farko har zuwa inda abin ya lalace, me yake tsammanin gani, me kuma ya gani. Tambaya ta uku ita ce ƙashin bayan rahoton. Matsalar da mai gyara bai iya sake jawo ta a wayarsa ba, in ya ce ya gyara ta, zato yake yi. Ku sa tambayoyin a fom: fayil ɗin YAML a cikin .github/ISSUE_TEMPLATE, inda za ku iya tilasta cike gurbin da kuke so da required: true. In kuka ƙara config.yml kuka rubuta blank_issues_enabled: false, masu kawo rahoto sai sun bi ta fom ɗin.

Kan katin ya faɗi abin da ya faru. "Bincike ya lalace" ba kai ba ne. "Neman Ƙasa ba ya fito da ƙasa" shi ne kai.

Malama daga Maraɗi:
Ina so in tsaya a kan ƙorafin nan uku na bincike, don a manhajar Hausa sau da yawa ba cuta ɗaya ba ce. Malam, in SQLite kuke amfani da ita wajen adana kalmomin ƙamus ɗin, kamar yawancin manhajojin Android, ku gwada waɗannan kafin ku haɗa su wuri ɗaya.

Na farko, babban baƙi da ƙarami. LIKE, umarnin neman kalma na SQLite, yana ɗaukar K da k abu ɗaya, amma wannan sassaucin ya tsaya ne a baƙaƙen ASCII, wato A zuwa Z na Turanci. A tsarin Unicode mai ba kowane baƙi lamba, Ƙ lambarta U+0198, ƙ kuma U+0199, SQLite tana kallonsu baƙaƙe biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Haka Ɗ da ɗ, Ɓ da ɓ, Ƴ da ƴ. Allon rubutun waya kuwa yakan fara da babban baƙi da kansa, sai mutum ya rubuta Ƙasa ya ga babu komai. Kuma lower() ta SQLite, mai mayar da baƙaƙe ƙanana, ba za ta cece ku ba, ita ma iyakarta ASCII. Maganin shi ne ku ajiye shafi (column) na biyu a teburin kalmomin, wanda aka mayar da kalmominsa ƙananan baƙaƙe tun daga Kotlin ko Java, ku yi wa abin da mutum ya rubuta haka, sannan ku kwatanta.

Na biyu, alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yanci. Wata waya tana sa miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, a Nijar kuma ƴ ake rubutawa. A ido kusan ɗaya ne, a wurin kwamfuta daban suke.

Na uku, mai rubuta kasa yana son a ba shi ƙasa saboda allonsa ba shi da baƙaƙe masu ƙugiya. Wannan ba kuskuren kod ba ne, buƙata ce, kuma sai kun zauna kun yanke shawara, tunda kasa da ƙasa kalmomi ne mabambanta. Ku sani kuma dabarar NFD da ake cire wasu alamomi da ita a kan é ko à ba ta aiki a nan, don Unicode bai raba ƙ zuwa k da ƙugiya ba. Da hannu za ku rubuta jerin musayar.

Kati uku ke nan. In kuka cusa su a ɗaya, ranar da aka gyara na farko za a rufe katin, sauran biyun su bi ruwa.

Wani ɗan'uwa daga Kano:
Malama ta gama magana a kan wannan. Ni batun gyara abu ɗaya sau biyu zan taɓa. Kafin mutum ya rubuta layi ɗaya, ya sa sunansa a gurbin Assignees na katin. In mako biyu suka wuce babu motsi, mai riƙe da ƙofa ya tambaye shi, in ya ce ayyuka sun yi masa yawa a cire sunan ba tare da jin nauyi ba. Katin da ke ɗauke da sunan wanda ba ya aiki a kai ya fi wanda babu suna cutarwa, domin kowa yana ganinsa ya wuce.

Laƙabi kada su wuce shida ko bakwai: matsala, buƙata, ana jiran bayani, an tabbatar, maimaici, sai good first issue don sabbin masu shigowa. Wannan na ƙarshe ku bar shi da Turancinsa, da shi ake nemansa a GitHub. Sannan ku raba girman ɓarna da gaggawa. Debian, wani babban aikin manhaja mai 'yanci, tana da matakan girma bakwai, daga critical har wishlist, amma ku uku sun ishe ku: mai ɓatar da bayanai ko rufe manhaja, mai hana wani aiki, da mai ɓata kyan gani kawai. Gaggawa kuwa ku nuna ta da Milestone: abin da dole ya shiga 1.6 a sa shi a 1.6, sauran su jira.

Wajen rufewa, a rubuta Fixes #42 (in lambar katin 42 ce) a saƙon kwamit, wato bayanin da ake ajiye canjin kod da shi, ko a bayanin pull request, wato buƙatar a shigar da gyaran. Katin zai rufe kansa, amma sai gyaran ya shiga babban reshen kod ɗin. Kalmar sai ta Turanci, Fixes ko Closes ko Resolves. In ka rubuta "ya gyara #42" za a haɗa su da mahaɗi, katin kuwa yana nan a buɗe.

Injiniya daga Zariya:
Na manta da wadda ta dawo a 1.5. Ku sake buɗe tsohon katin maimakon sabo, don tarihin ya zauna wuri ɗaya. Don gano kwamit ɗin da ya dawo da ita, sai ku yi git bisect start, git bisect bad a kan sigar yanzu, git bisect good a kan tag ɗin 1.3, wato alamar da kuka yi wa sigar. Git zai riƙa kai ku tsakiyar kwamit ɗin da suka rage, kuna gwadawa kuna ce masa good ko bad. Kwamit 500 gwaji tara ne ko kusa da haka. In an gama, git bisect reset. Abin da ya sa ta dawo galibi shi ne an gyara ta ba a rubuta mata gwaji ba. Wannan karon a fara rubuta gwajin da zai faɗi, a yi gyaran, a ga ya wuce, a sa shi cikin waɗanda ke gudana a kowane pull request.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Yawancin masu amfani da manhajar ba su da akawun na GitHub kuma ba sa jin Turanci. Sannan an ba mu shawara mu ɗora bot mai rufe tsofaffin katuna da kansa.

Wani ɗan'uwa daga Kano:
Bot ɗin zai rage muku tari. Na GitHub mai suna actions/stale, in ba ku canza masa komai ba, yana yi wa kati alama bayan kwana 60 babu motsi, ya rufe shi bayan ƙarin kwana 7.

Malama daga Maraɗi:
Yaya, a nan ban bi ka ba. Shirun kwana 60 ba ya nufin matsalar ta warke, mutum biyar masu aikin sa kai suna iya yin wata uku ba su kai ga kati ba. In za a ɗora shi, a taƙaita shi da only-labels a kan masu laƙabin "ana jiran bayani" kaɗai. Wanda aka tabbatar kuwa mutum ne zai rufe shi, ya rubuta dalili.

Batun harshe, Malam, fom ɗin ku rubuta shi da Hausa, babu abin da ya hana. Wanda ba shi da akawun, mai riƙe da ƙofa ya buɗe katin a madadinsa, ya kwafe kalamansa yadda ya faɗe su, ya kuma ajiye a wurinsa wa ya kawo wane kati don a koma masa a gwada gyaran. Kada lambar waya ko sunan mutum ya shiga katin, fili ne kowa na gani, hoton allo ma a duba shi a yanke kafin a ɗora. In kuma rahoton ya shafi tsaro, kamar hanyar kaiwa ga bayanan mutane, ba a buɗe masa kati a fili. Ku kunna Private vulnerability reporting a saitin ma'ajiyar, ku rubuta a SECURITY.md cewa ta nan ake kawo irinsa.