Neman kalmar Hausa: ƙarfen da ke sauya wa jirgin ƙasa layi

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ana rubutu kan tashar jirgin ƙasa ta Zariya, an maƙale a "points", wato wurin da jirgi ke barin layi ya hau wani. Shin "mahaɗa" ta yi?

Tsohon Loko: Wa alaikumus salam. Malam, a ajiye mahaɗa ga tashar kanta. Dogon Kano ya ratsa Zariya a 1911, daga nan kuma aka ja reshen da ya bi Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Har ƙaramin layin Jos na kuza, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, daga Zariya ya tashi kafin a rufe shi a 1957. Wannan ce mahaɗa. Abin da kake nema na'ura ce, kuma suna da yawa a cikin tasha ɗaya.

Ɗan Sabon Gari: To a ce "majuyi".

Tsohon Loko: A'a ƙanena. Majuyi ya fi dacewa da faifan nan da ake ɗora kan jirgi a kai a juya fuskarsa baya.

Mai Sigina: A fara duba aikin abin. Jirgi ba shi da sitiyari. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki, shi ke bin gefen kwangiri. A wurin sauya layi akwai kwangiri biyu da aka feƙe bakinsu suka yi siriri, an ɗaure su da sanda ɗaya don su tafi tare. In aka ja liba, ɗaya ya manne da kwangirin gefe, ɗayan ya buɗe kamar inci 4 zuwa 5, leɓen ƙafa ya samu hanya. Can gaba inda layukan biyu suka gicciye akwai giɓi, shi ya sa ake kafa gajeren kwangiri a ɗaya ɓangaren ya riƙe ƙafa kada ta kauce.

Ɓarnar kusan kullum a bakin siraran kwangirin nan take. Tsakuwa ɗaya ta faɗa tsakani, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da giris a kan farantan da ƙarfen ke zamewa, sai ya ƙi mannewa. Leɓen ƙafa ya kutsa ta wannan 'yar kafar, ƙafafun gaba su bi layi ɗaya, na baya su bi wani, tarago ya sauka ƙasa. Saboda haka ake sa makulli, kuma ba a ba jirgi hannu sai ya kama. Ana gwada shi da ɗan ƙarfe mai kaurin 'yan milimita: in makulli ya shiga alhali ƙarfen na tsakani, sai an sake saiti.

Tunda karkatar da jirgi yake yi, ni "makarkata" nake gani. Siraran ƙarfen nan kuwa "harshe", don ko a ido haka suke.

Ɗan Sabon Gari: Mararraba fa, Yallaɓai?

Mai Sigina: Mararraba ba ta motsi, matafiyi ne ke zaɓa. Nan kuwa ƙarfe ne ke zaɓa wa direba.

Mai Fassara: Na gamsu, Allah ya saka da alheri. Zan rubuta "makarkatar dogo", jam'i "makarkatu", sassanta kuma harshe, liba da makulli. Saura sunan gajeren layin gefe inda a da ake ajiye taragun gyaɗa da auduga.