Musayar Waƙa: Adakar Baba Saje

Sha'irin Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka yi sadakar bakwai ta Baba Saje, tsohon sojan yaƙin Biyafara ɗan ƙauyenmu da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen bin haƙƙin 'yan uwansa. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ke rayawa, Shi ke kashewa.

A 1967 ya jingine garma,
Ya nufi Defot Zariya ba waiwayawa.

Shuwa ke jan runduna ta ɗaya,
Da aka shiga Inugu yana cikin na gaba da kowa.

Janairun 1970 bindiga ta yi shiru,
Gawon ya ce ba mai nasara, ba mai faɗuwa.

Ya dawo gida da harsashi a cinya,
In hunturu ya kama sai ɗingisawa.

Nan ya tarar da yaƙi na biyu,
Na fansho, mai kisa ba tare da harbawa.

Manomin Gyaɗa:
Allah ya jiƙansa da rahama. Amma Malam, akwai gyara.

Ka yi yabo, ka tsallake siyasa,
Gawa ake binnewa, ba a tura gaskiya ƙasa.

A 1979 ya ɗau tutar PRP,
Maganar Malam Aminu ta shige zuciyarsa.

Wannan na yarda. Da Rimi ya ci Kano,
Don murna har sai da ya yar da hularsa.

To bayan nan fa? Duk kakar zaɓe
A turo mota a kwashi jama'arsa.

A jera tsofaffi, lambar girma a ƙirji,
Ɗan takara ya yi hoto ya kama gabansa.

Da ya tsaya kansila da kansa,
Ko akwatin ƙofar gidansu bai kawo masa.

Jikar Saje:
Kawu, na ji ka, kuma ban ce ƙarya ka yi ba. Saurari nawa.

Faɗuwar zaɓe ba ma ɓoye ta,
Shi da bakinsa yake ba da labarinta.

Amma shigo ɗakinsa ka ga adakar ƙarfe,
Ƙarƙashin gado, ni ke goge ƙurarta.

Takardun sallama ne ɗaure da tsumma,
Kowacce da lambar soja a goshinta.

Na matan da mazansu suka kwanta dama,
Ba su yi boko ba, balle su karanta.

In an kira tantancewa, tun asuba
Ya tara su a tasha, kowacce da ƙullinta.

Wata iya daga wajen Taura ta zo da kuka,
An ce sunan mijinta bai dace da takardarta.

Nan an sa Mamman, can an sa Muhammadu,
Kan wannan kaɗai aka danne haƙƙinta.

Shi ya kai ta kotu ta yi rantsuwa,
Ya biya kuɗin mota har da na abincinta.

Ofis ya ce gobe, ya koma goben,
Aka ce jibi, ya shimfiɗa tabarma ya hau ta.

Ran da kuɗin suka faɗo asusu,
Kaza ta kawo, ya ce ta mayar wa jikokinta.

Kawu, wace jam'iyya ce ta aike shi?
In ka san ta, don Allah faɗa mini sunanta.

Kofur Mai Ritaya:
Da wayar ɗana nake magana, shi ke rubutawa. Ni ba sha'iri ba ne, a yi haƙuri da gurguwar waƙa.

Ni na rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG ne, Laberiya a 1990,
Saje ya girme ni, shi ya raine ni.

Ban san ƙungiyar tsofaffin soja ba,
Shi ya ja hannuna ya rubuta ni.

Duk 15 ga Janairu a yi mana fareti,
A ajiye furanni, a watse ba mai tuna ni.

Mai gyaɗa, maganar hoto gaskiyarka,
Ni ma an jera ni, abin ya ƙona ni.

Na ce Oga don me muke zuwa? Ya ce Kofur,
In ban shiga rumfarsu ba wa zai ji ni?

Yana gaisawa yana miƙa takarda,
Goma su yar, ɗaya ya ce ku biyo ni.

Da muka kwana a ƙofar wata ma'aikata a Abuja,
Bargonsa ya cire, da shi ya rufe ni.

Manomin Gyaɗa:
Baba Kofur, na gaishe ka. Kan siyasa dai ina nan a bakana.

Goma su yar, ɗaya ya karɓa,
A gona wannan asarar iri ce ta gaske, Baba.

Sai dai gwaggona na da takardar mijinta,
Gara ta ci gefe, lambar dai ba ta goge ba.

Yanzu wa za ta kai wa?

Kofur Mai Ritaya:
Ta same ni gidan marigayin bayan sallar Juma'a. Ta zo da takardar, da shaidar rasuwarsa, da hotonta guda biyu. Jikar Saje, ki fito mana da adakar kakanki zaure.